Karo-karon Rufin Masallacin Garinmu

Mahaifina direban bas ne har ƙarfinsa ya ƙare. Lokacin aikin Hajji yana jigilar alhazai tsakanin Makka da Mina da Arfa, sauran watannin shekara kuma ya ɗauki 'yan Umra zuwa Madina. Ciwon sukari ne ya ajiye shi. Ya taɓa masa ido har ta kai ba ya bambance fitilar hanya da ta shago, sai kamfanin da yake wa aiki ya sallame shi, ya dawo gida ya zauna. Gidanmu a lokacin yana unguwar Nakkasa a Makka, can saman dutse inda mota ba ta hawa, sai dai mutum ya ajiye ta a ƙasa ya bi matakala. Ni ma a gidan nake, na dawo da 'ya'yana biyu bayan rasuwar mijina, ina aikin girki a wata makarantar 'yan mata.

Zaman gida bai karɓi Baba ba. Mutumin da ya saba da hanya, yanzu daga ɗaki sai ƙofar gida, sai masallacin unguwa. Ya zama mai saurin faɗa, shayi ma idan Inna ta kawo sai ya ce ya huce ko ya yi zafi da yawa. Muna haƙuri da shi, don mun san ba halinsa ba ne.

Ba a ƙasar Hausa aka haifi Baba ba. A hanya aka haife shi, a Sudan, inda iyayensa suka tsaya noman auduga don su sami guzurin ƙarasowa Makka. Garinsu na asali yana ƙasar Katsina, kusa da daji, kuma bai taɓa taka shi ba. Abin da ya sani game da shi a bakin mahaifinsa ya ji: kasuwar da ke ci ranar Laraba, da rijiyar bakin gari, da tsohon masallacin Juma'a na ƙasa wanda kakan namu ya yi aikin yaɓensa yana saurayi. Ni da yayana mun taso muna jin sunan garin kamar sunan wani dattijo da ya rasu kafin a haife mu.

Wata Juma'a aka kawo mana baƙo. Jikan limamin garin ne, magidanci mai sanyin magana, ya zo karatun fiƙihu a jami'a a nan Makka, ya bar iyalinsa a gida. An ce masa akwai 'yan asalin garinsu a Nakkasa, shi ne ya nemo mu. Inna ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka. Bayan an ci, Baba ya shiga tambayarsa garin, gida gida, kamar wanda ya baro shi bara. Da ya zo kan masallaci, sai ɗalibin ya ce an rushe tsohon tun shekarun baya don a gina na siminti, an kai wani wuri kuɗi ya yanke. Ya ciro waya, ya nemo hoton ginin, ya miƙa masa.

Baba ya kai ta kusa da ido, ya nisanta, bai ga komai ba. Ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini.

"Uwata, zo ki gaya mini abin da ke cikin nan."

Na karɓa na duba. Na ce, "Baba, gini ne babba. Bango ya tashi duka, akwai ginshiƙai da yawa a ciki, rodi ya fito ta samansu ya yi tsatsa. Babu rufi ko kaɗan. Ciyawa ta tsiro a tsakiya. A gefe guda an ɗaura tamfol, mutane na salla a ƙarƙashi."

"Da damina fa?" Ya juya wajen ɗalibin.

"Idan ruwa ya sauko, Baba, a taƙaita huɗuba. Wanda ya samu inuwar tamfol ya samu, wanda bai samu ba ya jiƙe."

Baƙon ya yi wa Baba sallama ya tafi. Da yamma na tarar da Baba zaune a ƙofar ɗaki yana magana shi kaɗai. Ya ce ubansa ya ɗauki ƙasa a ka don ginin da aka rushe, shi kuma ko bulo ɗaya bai sa a sabon ba.

Cikin kwanaki kaɗan ya tara dattawan da asalinsu garin ne ko ƙauyukan kewayensa. Sun fi yadda nake zato yawa. Akwai masu tura keken marasa ƙarfi a Harami, da masu tasi, da masu sayar da tsire, da waɗanda 'ya'yansu ke aikin ofis. Suka zauna a soron wani maƙwabcinmu, muna jiyo muryoyinsu ta bango. Shawarar da aka tsayar ita ce kowane gida ya ɗauki alkawarin abin da zai iya bayarwa duk wata, komai ƙanƙantarsa, kada a fasa har sai an rufe masallacin. Ba za a roƙi bare ba, ba za a yi shela ba, tsakanin 'yan gari ne kawai. Baba zai riƙa bi yana karɓa. Ajiyar kuwa aka ba wa Kawu, ƙanen Inna, mai shagon sallaya da carbi a Hindawiyya, saboda shi ya san harkar aika kuɗi gida.

Kawu ya karɓi amanar amma bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ya ce da Baba, "Yaya, kana maƙwabtaka da Ɗakin Allah, mutanen garin nan gonakinsu suke sayarwa don su zo su ga abin da kake gani kullum. Kai kuma zuciyarka tana wajen kangon da ba ka taɓa gani ba."

Baba ya ce, "Harami bai rasa masu yi masa hidima ba. Wancan kuwa mu kaɗai gare shi."

Yayana shi tsoro ya ji. Yana aiki a wani kamfani, kuma ya san tara kuɗin jama'a ba tare da izini ba ba abin wasa ba ne a ƙasar nan. Ya yi wa Baba magana da Larabci, don Hausarsa ba ta isa gardama ba. Baba ya amsa masa da Hausa cewa 'yan uwa ne ke taimakon gidansu. Yayana ya ce halas, wato shi ke nan, ya fita. Amma daga watan nan bai taɓa fashin aiko da nasa ba, ta hannun matarsa.

Watannin farko abin ya zo da sauƙi, don kusan kowa yana unguwa ɗaya. Baba zai fita bayan la'asar da sandarsa, ya bi lunguna da ya sani ko da ido a rufe, ya dawo kafin magariba. Faɗansa ya ragu. Ya koma cin abinci sosai. Inna ta ce ko ba a rufe masallacin ba, ita dai ta ga amfaninsa.

Sai rusau ya iso ɓangarenmu. An daɗe ana maganarsa, mun ga yadda ya cinye wasu sassan dutsen, amma mutum ba ya yarda sai ya ga fenti a bangon gidansa. Aka ba da wa'adi, aka yanke wuta, kowa ya kama neman inda zai sa kansa. Mu muka sami shugga, wato ɗakunan haya a bene, a Ka'akiyya. Wasu suka tafi Shara'i, wasu Nawwariyya, wasu suka bar Makka gaba ɗaya suka koma Jidda. Mutanen da suka yi shekaru suna jin tarin juna ta bango, yanzu sai an hau mota an yi tafiya mai nisa kafin a gaisa.

Na ɗauka karo-karon ya mutu ke nan. Wa zai tuna da rufin wani masallaci alhali shi kansa ya rasa rufi? Amma da wata ya kama, Baba ya sa farar rigarsa ya ce in ɗauko mukulli.

A lokacin ban daɗe da samun lasisin tuƙi ba, na sayi wata tsohuwar ƙaramar mota don zuwa aiki. Baba bai so ba da farko, ko shigarta bai taɓa yi ba. Ranar ya zauna a gaba, ya ɗaura bel da kansa. Ba ya ganin hanya, amma kunnensa yana jin inji. Kafin mu kai titi ya ce ina takura wa birki. Can ya ce in koma hannun dama, akwai gada a gaba. Gadar da yake nufi an daɗe da sauya ta, na dai ce masa to.

Haka muka riƙa yi duk wata. Ranakun hutuna muka ba wa wannan yawo. Idan mun isa gida, shi ya zauna wajen maza, ni in shiga ciki wajen mata, kuma sau da yawa abin da ke fitowa daga ciki ya fi na waje. Na ga yadda mutanenmu suka koma. Dattijon da yake da soro da tabarmi a Nakkasa, yanzu yana zaune a kan kujerar roba a gindin matakalar bene, bai san kowa a ginin ba. Wata mata ta riƙe hannuna ta ce tun da suka tare, ba wanda ya yi mata sallama da Hausa sai mu. Na gane cewa wasu ba don masallacin suke jiranmu ba, don zuwan ne. Sukan ja mu da hira, su ƙara shayi, su jinkirta miƙo abin da suka tanada don kada mu tashi da wuri.

A cikinsu akwai wata tsohuwa da muke kira Gwaggo, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Ita a garin aka haife ta, ta zo Hajji tana amarya, mijin ya rasu a nan, ba ta koma ba. Waina take soyawa a Nakkasa tun ina ƙarama. Bayan rusau ta koma wani ɗaki a saman rufin bene a Nawwariyya, ba tanda, ba masu saye, sai abin da 'yan uwa suka kawo. Baba ya ce mata an yafe mata karo-karon. Ta ce, "Wa ya yafe? Kai ne mai masallacin?" Ta ciro abin da ta ƙulle a bakin mayafi ta ba ni. Ita kaɗai ce a cikinmu ta taɓa yin salla a tsohon masallacin, a sahun tsofaffin mata ta raka kakarta, kuma duk zuwanmu sai Baba ya sa ta sake ba shi labarin, har inda ladan yake tsayawa.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne tsada. Ɗalibin nan yakan kawo mana saƙo daga kwamitin ginin cewa ga abin da ƙarafan rufi da kwano za su ci. Mu yi ta fama har mu kusa cim masa, sai a ce kaya sun tashi. Mu sake kusa, su sake tashi. Wasu suka gaji suka janye, wasu suka rasu, 'ya'yansu kuma ba su san garin ba balle su gaji alkawari. Mun fi shekara biyu a haka. Daga ƙarshe, bayan wani aikin Hajji da mutanenmu suka samu ɗan abin hannu a Arfa, masu girki da masu shara da masu jigila, Kawu ya ce abin ya isa. Ya aika da shi ga kwamitin. Aka ce da zarar damina ta ɗauke za a fara ɗora ƙarfe.

Ban taɓa ganin Baba cikin farin ciki irin na watannin nan ba. Har ya fara maganar zuwa buɗe masallacin, yana tambayar yayana yadda za a yi da takardunsa. Kullum sai ya ce, "Uwata, duba wayarki, ko an turo hoto."

Damina ta ɗauke, hoto bai zo ba. Ɗalibin da yake zuwa mana kusan kowace Juma'a ya ɗauke ƙafa. Idan na kira shi sai ya ce jarrabawa ce ta riƙe shi. Wata rana da hantsi, ranar da ba na aiki, aka ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe na gan shi. Ya rame. Ya ƙi zama a kujera, ya durƙusa a gaban Baba a ƙasa.

Ya ce, "Baba, na kasa zuwa ne don ban san da bakin da zan faɗa ba."

"Faɗi. Mutuwa aka yi?"

"An yi mutuwa. 'Yan bindiga sun shiga garin lokacin girbi. Sun kashe mutane a gonaki, sun kora wasu daji, yawanci mata da yara. Suka sa kuɗin fansa da wa'adi. An sayar da shanu, an sayar da hatsi, bai kai ba. Babu wani kuɗi a dunƙule a garin sai na rufin." Ya sunkuyar da kai. "Kakana da dattawa suka zauna. Sun ce ba lokacin da za a nemi izininku. An ba da shi duka."

Inna da ke tsaye a ƙofar kicin ta fara salati. Baba ya ce, "An sako su?"

"An sako mafi yawa. Akwai waɗanda suka rasu a can. Akwai waɗanda har yanzu ba labari."

"Naka fa?"

"Ƙanwata tana cikin waɗanda aka sako. Ɗanta na goye bai dawo ba."

Baba ya miƙa hannu yana lalube har ya samu kafaɗarsa, ya dafa. Suka daɗe a haka. Sannan ya ce da shi ya tashi ya zauna, ya ce da Inna ta kawo masa abinci. Ɗalibin bai iya ci ba.

Bayan ya tafi na ce, "Baba, sai a kira mutane a waya a gaya musu."

Ya ce, "A'a. Da ƙafata na je na karɓa. Da ƙafata zan je in faɗa."

Wajen Kawu muka fara zuwa. Hindawiyya a cunkushe kamar kullum, masu tasi suna ta oda, da ƙyar na samu wurin tsayawa. Kawu ya saurara har ƙarshe, fuskarsa tana sauyawa. Ya ce shi ba ya musun musibar, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma kuɗin nan da sunan masallaci aka karɓe shi, ta hannunsa ya bi, shi mutane za su tuhuma. Wa ya ga an miƙa? Wa ya tabbatar duka aka bayar? Kuma ko da gaske ne, an ɗauki sadakar talakawa an saya wa azzalumai harsashi, gobe su dawo.

"Da 'yarka ce a dajin fa?" in ji Baba.

"Da na sayar da shagon nan. Shagona. Ba amanar mutane ba."

Muka yi masa sallama muka fito. Ni dai a raina na kasa cewa Kawu ya yi kuskure, na kuma kasa cewa dattawan garin sun yi. Da muka koma mota, Baba ya ce in ɗan jira kafin in tayar. Ya jingina kai da gilashi, na ga hawaye yana bin gemunsa. Ban taɓa ganin haka ba, ko ranar da muka bar gidanmu na Nakkasa.

Yawon nan ya fi duk na baya tsawo da nauyi. A kowane gida sai Baba ya faɗi labarin tun daga farko, ni kuma in sake faɗa wa mata a ciki. Wasu suka yi kuka, suna tambayar sunayen waɗanda aka kashe, suna gano dangi a ciki. Wasu suka ce Allah ya sa a mizani, ceton rai ma ibada ne. Wani mai tasi ya ce a gaban mutane dama ya san ƙarshen abin ke nan, duk kuɗin da ya tafi Najeriya labari ne yake dawowa. Wani dattijo ya ƙi fitowa, ya aiko jikansa ya ce ba ya nan, alhali muna jin muryarsa. Baba ya ce a gaishe shi, muka juya.

Gwaggo muka bari ƙarshe, don Baba yana jin nauyinta fiye da kowa. Hawa benenta ya ba shi wuya, sai da muka huta a kowane hawa. Ta saurare shi tana jan carbi. Da ya gama ta tambayi gidajen da abin ya shafa, ɗalibin ya riga ya gaya mana, na lissafa mata waɗanda na riƙe. A kan wani gida ta tsayar da ni. Gidan wanta ne. Jikokinsa ne aka kora dajin, biyu sun dawo, ɗaya ba ta dawo ba. Ba ta taɓa ganinsu ba, ba ta ma san da su ba sai ranar.

Ta ajiye carbin. Sannan ta ce, "Ashe wainata ta je gidanmu." Ta share ido da mayafi, ta dubi Baba. "To yanzu sai a bar masallacin a buɗe?"

Maganar nan ce ta sa Baba ya sake farawa. Amma ba kamar da ba. Kawu ya ce shi ya sauke ajiya, yayana ya karɓa ba da son ransa ba. Gidajen da suka rage a cikin alkawarin ba su kai rabin na farko ba, kuma yawancinsu tsofaffi ne marasa abin hannu. Daga garin ma labarin da ke zuwa ba mai daɗi ba ne. Mutane suna ta ƙaura zuwa birni, magina sun tafi, direbobi ba sa yarda su kai kaya ta hanyar sai da rakiya. Baba yana jin duk wannan, ya ce a dai ci gaba.

Jikinsa kuma ya fara ba da kai. Wani ɗan ciwo ya fito masa a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Likita ya hana shi yawo, ya ƙi ji, har sai da ƙafar ta kumbura ta kasa shiga takalmi. Daga nan ni kaɗai nake zagayawa, in dawo in ba shi labarin kowa: wane ya samu jika, wance tana asibiti, wane ya ce a yi masa haƙuri sai wata mai zuwa. Idonsa ya rufe gaba ɗaya a wannan shekarar. Ya daina tambayar hoto. Abin da yake tambaya shi ne ko ana Juma'a a garin har yanzu. Ɗalibin ya ce ana yi, amma da wuri, kuma da masu tsaro a ƙofa.

Gwaggo ta riga shi tafiya. Maƙwabtanta ne suka kira ni. Na rasa yadda zan gaya masa, sai da Inna ta faɗa. Ya yi mata addu'a, ya ce yanzu ba sauran wanda ya san tsohon masallacin a Makka.

Shi kuma ya rasu a asibiti bayan an yanke ƙafar, da rana tsaka, ina gefensa. Maganarsa ta ƙarshe da ni a kan magungunan Inna ce, kada in bari ta riƙa mantawa. Aka yi masa salla a Harami bayan la'asar tare da sauran mamatan ranar, aka kai shi maƙabartar Shara'i. Kawu yana cikin waɗanda suka sa shi a kabari, yayana ya ce Kawun ya fi kowa kuka. Daga baya ɗalibin ya gaya mini cewa kakansa ya sanar da rasuwar a garin bayan sallar Juma'a, aka yi masa addu'a a cikin ginin, mutanen da ba su taɓa ganinsa ba.

Abin da aka tara a karo na biyu, yayana ya aika bayan an gama zaman makoki. Bai isa rufi ba. Kwamitin ya ce zai rufe sahun gaba kawai, daga mumbari zuwa ginshiƙan farko, haka kuwa aka yi. Ɗalibin ya gama karatunsa ya koma gida a shekarar. Kafin ya tafi ya zo yi wa Inna sallama, ya roƙe ta ta yafe masa labarin da ya kawo gidan nan. Ta ce ba shi ya yi labarin ba.

Bayan komawarsa ya turo mini bidiyo na wata Juma'a. Kwano sabo yana ƙyalli a gaba, baya duk sarari. Mutanen da suka zo salla sun shige ƙarƙashin ɗan rufin nan duka, har da sauran wuri. Ya rubuto a ƙasa cewa waɗanda suka rage a garin ke nan. Shi ma iyalinsa suna birni, yakan shigo ranar Juma'a ne ya taya kakansa huɗuba, ya fita kafin la'asar.

Na nuna wa 'ya'yana. Babbar ta kalla ta ce da Larabci, miskinai, ta miƙo mini wayar. Ƙaramin ya tambaye ni a wace ƙasa ce. Na gaya masa.

Ban ci gaba da zagayen ba. Na yi niyya, amma aiki ya ƙaru, Inna kuma tana buƙatar mai zama da ita. Gidaje uku ne suka kira suna tambayar me ya sa ban zo ba, na ce musu an tsayar da karɓa tukuna. Wani tsoho a Shara'i, wanda ya yi tuƙi tare da Baba shekaru da yawa, ya ce ko ba karɓa in riƙa leƙowa. Nakan je idan na samu hali, in kai masa kuka da daddawa, mu zauna a gindin bene ya yi ta ba ni labarin hanyar Madina kafin a faɗaɗa ta.